Kwalba Biyu a Gindin Rumbu

Bana ma ruwa ya yi jinkiri. Kullum da la'asar hadari zai taso ta gabas, ya yi baƙi har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi, a kwana cikin gumi. Shekaranjiya na shiga kasuwar Kankia sayen kayan miya, na bi ta layin masu iri, sai idona ya faɗa kan wani kwano cike da irin dawa da aka yi wa magani, jajawur. Na tsaya ina kallonsa har mai rumfar ya ce, "Hajiya, tiya nawa za a auna?" Na ce mashi ba saye na zo ba, gaisawa kawai muke yi ni da irin. Ya dube ni kamar wadda zafin rana ya taɓa wa kai. Ban yi mashi bayani ba, don bayanin dogo ne, ya kai shekara ashirin da ɗoriya.

Ina aji shida a lokacin, a makarantar kwana ta kimiyya da sana'a ta 'yan mata. Kashi biyu muke. Akwai 'yan gaban goshi, waɗanda ake sa ran za su zama likitoci, akwai kuma mu da aka tura sashen kimiyyar aiki. Mu namu karatun na hannu ne: gwajin ruwan rijiya, gwajin ƙasar gona, yadda ake adana hatsi da abinci, da kula da kayan ɗakin gwaji. In ka gama ka ci, za a ba ka takardar da za ka iya neman aiki da ita a ɗakin gwajin asibiti ko wajen malaman gona. 'Yan ɗaya ajin suka raɗa mana suna 'yan wanke kwalba. Sunan ya yi mani ciwo sosai, musamman da yake gaskiya ce, don rabin rayuwarmu a bakin famfo muke yin ta.

Malamarmu, Malama Talatu, gajeriya ce mai kaifin ido. Za ka wanke kwalba har yatsunka su yi fari, ta ɗaga ta saitin taga, ta miƙo maka, ka koma famfo. Dokarta guda ce, ta nanata mana ita har muna kwaikwayon muryarta a ɗakin kwana. "Duk gwajin da za ku yi, ku ajiye kwalba ta biyu wadda ba ku sa wa kome ba. Ita ce shaidarku. In babu ita, surutu kawai kuka yi." A zangon farko na shekarar ta sa muka wanke iri mai magani har ya yi fes, muka zuba a kwalba da ƙwarin hatsi, baƙaƙen nan ƙanana masu dogon baki, muka sa wasu ƙwarin a kwalbar shaida da hatsi mai kyau. Na wankakken iri suka mutu, na ɗayar suka ci gaba da harkarsu. Na rubuta a takarda, aka ba ni maki, na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

A gida, a Mawashi, ba wanda ya raina karatuna kamar kakata, Iya, mahaifiyar Baba. Duk hutun da na je sai ta tare ni tun daga zaure. "Ga 'yar boko ta iso. Wai har yanzu kwalbar ake koya maku wankewa? Ai da kin zauna nan na koya maki wanke ƙwarya kyauta." Ni kuma ba na barin ta ta ci bulus, sai in ce ai ƙwaryarta ko kare ba zai lasa ba. Haka muke da ita, kullum cikin tsiya, kuma duk gidan ba wanda nake so kamarta.

Daminar da ta gabaci wannan shekara ta yanke ne dawa na cikin yin ido. Abin da aka samu bai kai rabin na kullum ba. Baba ya ga haka, tun da rani ya sayar da tunkiyarmu ya sayo irin dawa mai saurin nuna, wanda aka barbaɗe da jan magani don kada ƙwari su cinye shi a ƙasa. Ya ƙulle shi a buhu, ya rataye a ɗakinsa, ya ce ko kallonsa kada a yi sai ruwa ya sauka. To, ruwa ya ƙi sauka.

Wanda bai ga bazarar ba, ba zai gane ba. Rana tana fitowa da zafinta tun hantsi, ƙasa ta ƙone tafin ƙafa, katanga ta riƙe zafi har bayan isha. Rijiyar unguwarmu ta ja baya, guga ya riƙa fitowa da rabin laka, mata su zuba a tulu su jira ya kwanta. Awaki suka koma cin ɓawon itace da tsumma. Tuwon dare ya koma kunu, kunun ya tsinke har kana ganin gindin ludayi, daga nan aka koma yaɗiya, ganyen nan mai yaɗo da ba ya bushewa ko da rani. Da akwai ƙuli a kwaɗa, da ƙuli ya ƙare sai gishiri kawai. Ni duk wannan labarinsa na ji daga baya, don a makaranta ko ba daɗi ana kaɗa mana ƙararrawar abinci.

Gab da jarrabawar fita aka sake mu 'yan kwanaki mu je gida mu yi shiri. Na sauka a Kusada, na samu mai mashin ya ƙarasa da ni. Ina shiga gida da azahar na ji shiru irin wanda ban saba ba, ko tsiyar Iya babu. Abin da na fara gani shi ne makwararar ruwa ta tsakar gida, ƙasar wurin ta yi ja-ja. Na ɗaga kai, ga surfaffiyar dawa an baza a tabarma tana shan iska, fara tas. Ga turmin Iya a jiƙe. Ga buhun Baba a jingine bakin ɗaki, an kwance bakinsa.

Ko jakata ban ajiye ba na ce, "Iya, wace dawa ce wannan?"

Tana zaune a inuwar rumbu, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta ce, "Dawa ce. Ko gaisuwa babu?"

Na durƙusa na gaishe ta, na gaida Inna, mahaifiyata, da ke bakin murhu tana haɗa kara. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kama sunana, ba ta ma cika kallona ido cikin ido ba. Ta amsa a gajarce ta ci gaba da abin da take yi. Ƙanwata Uwani, wadda ba ta wuce shekara biyar ba, tana kwance a kan zanin Inna, idonta na kan tabarmar nan ko ƙiftawa ba ta yi.

Na ce, "Iya, irin Baba ne. Akwai guba a jikinsa."

"A jikinsa, kin faɗa da bakinki. To ina jikin yake yanzu? Na surfe, na bushe dusar, na wanke, na sake wankewa har ruwa ya fita kamar na sha. Tun kafin a haifi ubanki nake surfe, Ramatu. Abin da ke kan fata, da fata yake tafiya."

"Ba ya tafiya duka. Da kika jiƙa kika daka, ai cusa shi kika yi ciki."

"Wa ya ce?"

"Mun gwada a makaranta."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ke da kika zo da kumatunki. Dubi yarinyar can. Rabonta da hatsi tun shekaranjiya. Uban naki da kansa ya kwance buhun nan yana share hawaye, ya fita don kada ya gani. Sai ke za ki zo da farar riga ki ce a zubar?"

Maganar ta soke ni, don da kumatun nawa na zo. Raina ya ɓaci, kunya kuma ta kama ni, na rasa wanda zan fara ji. Amma na san abin da na gani a kwalbar Malama Talatu, kuma na san jikin Uwani bai kai ya ɗauki abin da babba zai ɗauka ba. Na ce, "Ban ce a zubar ba. Ki ba ni zuwa gobe. In na gwada ba kome, ni zan daka da hannuna, ni zan fara ci."

Iya ta dubi tabarmar. Ta ce, "Gobe da hantsi. Ba don bokonki ba, don dawar ma ba ta gama tsanewa ba."

Na tuɓe kayan makaranta na ɗaura zani. A ɗakin Inna na samu kwalaben man shafawa guda biyu da suka ƙare. Na wanke su da toka da ruwan zafi, na ɗauraye, na ɗaga su saitin rana kamar yadda ake mana, na sake wankewa. Iya tana kallona da ruwan da aka sha wahalar jawowa, ta ce, "Ga aikin ya motsa." Na jingina tsani na faɗa cikin rumbu. Zafin ciki kamar an rufe ka a tukunya, ga ƙaiƙayi, ga warin tsohon hatsi da babu shi. Na share gindin rumbun da tafin hannu, na tsince 'yar tsabar tsohuwar dawa da ta maƙale a tsaga, wadda ba ta cika cokali ba. Ƙwari kau ga su nan birjik, su ma yunwar suke ji. Na kwaso su a murfin kwano na fito jiƙe sharkaf.

Kwalba ɗaya na zuba dawar Iya, ɗaya na zuba tsohuwar dawar rumbu. Na raba ƙwarin daidai gwargwado, na rufe bakin kowace da ƙyallen tsohon ɗankwali don iska ta riƙa shiga, na ɗaure da zare. Ta shaidar na ɗaura mata baƙin zare don kada su rikice. Na ajiye su a gindin rumbu, wurin inuwa.

Ina cikin wanke hannu na ji motsi a bayana. Uwani ce ta rarrafa ta isa tabarma, ta cika hannu da dawar ta danna a baki. Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na matse kumatunta, na cusa yatsu ina ƙwaƙulowa, ita kuma ta datse mani gefen hannu da haƙora, da duk ƙarfin da ya rage mata. Na ji zafin har ƙwaƙwalwa amma ban saki ba sai da na ga bakin ya zama wayam, na ɗura mata ruwa ta furzar. Ta yi kuka marar sauti, tana cewa, "Yaya muguwa ce. Yaya ta ƙoshi." Jini na bin hannuna. Inna ta zo ta ɗauke ta, ta naɗe tabarmar da dawar ta ɗora can saman danga. Da yamma yaɗiya muka ci da gishiri. Ni ko ita ban iya haɗiyewa ba, na tura wa Uwani kwanona, ta juya mani baya tukuna ta ci.

Gari na wayewa na nufi gindin rumbu. Na ɗaga kwalbar farko. Ƙwarin na motsi. Na ɗaga ta biyu, su ma suna motsi. Na ga kamar na farkon ba su da kuzari, amma wannan ba abin da zan nuna wa mai jin yunwa ba ne. A makaranta ma sai da aka kwana aka yini kafin su mutu, na sani, sai dai ni na yarda da hantsi da bakina.

Hantsi ya yi. Iya ta zo ta karɓi kwalbar ta kai kusa da idonta. "To, ƙwarinki sun kwana lafiya, har da ƙiba. Sauko da dawar nan," ta ce da Inna.

"Iya, a ƙara mani zuwa la'asar."

"Ke kika yanka wa kanki lokaci."

Inna ta sauko da tabarmar, ta juye dawar a ƙwarya. Ba da son ranta ba, amma surukarta ta yi magana, kuma ɗiyarta na kwance. Ina tsaye ina kuka, kukan haushi, na rasa ta inda zan ɓullo. Sai ga Baba ya shigo. Mutum ne marar yawan magana, duk rigimar jiya daga bakin Inna ya ji ta. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi hannuna da na ɗaure da tsumma. A gidan akwai kaza guda da ta rage, wake-wake, ta Iya, tana tono a gindin danga.

Ya ce, "Iya, tun da ƙwari sun ƙi raba gardama, a watsa wa kazar nan. In ta ci ta yini lafiya, sai a daka."

Iya ta zabura. "Kazata? Guda ɗayan da ta rage mani? In ta mutu fa?"

Kazar ta ci gaba da tononta. Na ga Inna ta dubi Uwani, ta dubi ƙwaryar da ke hannunta, sannan ta sunkuya a hankali ta ajiye ta a ƙasa, ta ture ta da ƙafa can gefe. Tun da nake ban taɓa ganin Inna ta saɓa wa Iya ba sai ranar, kuma ko baki ba ta buɗe ba.

Iya ta tsaya baki sake. Ita ma ta ji abin da ta faɗa. Ta kai hannu ta toshe bakinta, ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta samu gefen turmi ta zauna. Can ta miƙe, ta lallaɓa ta cafke kazar da kanta, ta yagi bakin zaninta ta ɗaure mata ƙafafu, ta miƙa wa Baba.

"Kai ta Kusada. Duk abin da ta samo na ci, ka kawo. Kada ka tsaya gaisawa da kowa."

Baba ya karɓa ya fita a ƙasa cikin ranar nan. Muka zauna jira. Uwani ta yi barci a cinyar Inna, ina ta kallon ƙirjinta yana ɗagawa. Bayan azahar na leƙa kwalaben, ƙwarin ta farkon sun fara kifewa suna harba ƙafa. Ban gaya wa kowa ba, na koma na zauna. Ana kiran la'asar na sake zuwa. A kwalbar dawar Iya babu mai motsi ko ɗaya, duk sun ƙanƙame. A mai baƙin zare suna ta hawa bango suna faɗowa.

Na kawo mata su biyun na ajiye a gabanta. Ta ɗauki ta farko ta girgiza, ta kara a ido, ta sake girgizawa. Ta ɗauki ta biyu ta daɗe tana kallo. Ban ji daɗin na yi gaskiya ba ko kaɗan, tsoro ne ya rufe ni, don sai a lokacin na ga yadda muka matso kusa da abin. Iya ta ajiye su. Ta ce, "Turmin fa?"

Na ce, "Itace yana shan abu, Iya."

Turmin nan da shi aka kawo ta gidan. Ta shafa bakinsa, ta tura shi da ƙafa ya faɗi, ta kife shi. Daga ranar ya zama kujera. Dawar da dusarta kuma daga baya Baba ya haƙa rami mai zurfi bayan gida ya binne, don kada dabbar wani ta tono.

Ya dawo gab da magariba da garin kwaki da 'yar masara a ƙullin leda da ƙuli kaɗan. Inna ta jiƙa garin, ta marmasa ƙuli, aka fara ba Uwani. Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙen gari da ƙuli sai idona ya kawo ruwa, yarana suna yi mani dariya, ba su san dalili ba.

Washegari da sassafe na nemi kwalabena na rasa. Ashe Iya ce ta ƙulle su a gefen mayafi ta fita. Ba gidanmu kaɗai aka sayi jan iri ba, kuma ba mu kaɗai muke jin yunwa ba, ta san abin da ake shirin yi a bayan kowace danga don tare suka yi shawarar a bakin rijiya. Gida-gida ta bi. Na ishe ta a gidan maƙwabta, mata sun kewaye ta. Wata ta ce, "Haba Iya, ai rufe su aka yi, iska suka rasa." Iya ta zaro mai baƙin zaren ta kai mata har hanci. "Waɗannan fa, a waje suka kwana? Rufi ɗaya, wuri ɗaya. Wannan ita ake ce wa shaida. In babu ita, surutu kawai kika yi." Na riƙe baki don kada dariya ta kuɓuce mani. Sau ɗaya na faɗa mata maganar Malama Talatu, ta haddace ta har da yadda ake ɗaga yatsa. Ban san gida nawa ta hana ba, ban kuma tambaya ba. Na dai san a unguwarmu ba a ci jan iri ba a shekarar.

Kazar ba ta kai mu ko'ina ba, gaskiya. Baba ya shiga yin itace yana kaiwa Kusada, wani kawunmu na Kafinsoli ya aiko da 'yar dawa, aka riƙa jan rai da kunu. Ana gobe zan koma makaranta hadari ya haɗo da yamma, wannan karon iska ba ta watsa shi ba. Aka fara yayyafi manya-manya, ƙasa ta saki ƙamshin nan, sannan aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Muka jera tukwane da kwanoni a bakin indararo. Uwani ta fita tsirara tana tsalle a ciki, wadda kwana kaɗan baya ko zama ba ta iya yi. Da asuba kowa ya fita gona. Baba na gaba yana sara da sungumi, ni da Inna muna bin sa muna jefa iri muna takewa, tafin hannunmu ya yi ja. Irin bai isa gonar ba saboda wanda aka surfe, sai gefen yamma aka sa wake. Da muka dawo na tsare kowa a bakin tulu sai ya wanke hannu da toka kafin ya taɓa abinci, har Baba. Iya ta ce, "Ku bi ta, ta fi ku iya wanki."

Da zan tafi ta raka ni har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba. Na jira tsiyar da ta saba. Ta kama hannuna mai ciwon, ta juya shi ta duba, ta tofa addu'a a kai. Ta ce, "Ki je ki wanke masu kwalbarsu da kyau, Ramatu. Allah ya yi maki albarka." Na fita da sauri don kada ta ga fuskata.

A makaranta na samu Malama Talatu a ɗakin gwaji na ba ta labari tun daga farko, ina sa ran za ta rungume ni ko ta yaba. Ta saurara har na gama, ta ce, "Kin sa ta shaida?" Na ce na sa. Ta gyaɗa kai, ta ce, "To madalla." Ta juya tana gyara kwalabe a kan kanta, ta daɗe ba ta juyo ba, na ga tana goge ido da bakin hijabi. Muka yi jarrabawar aikin hannu da ɗaurin tsumma a hannuna, na ci, na samu takardata. Da ita na samu aikin da nake yi har yau a ɗakin gwajin wani asibiti, kuma har yau ni nake wanke kwalabena, ba na bar wa kowa.

Yanzu abubuwa sun sauya. Iri yana zuwa a 'yar leda da hoton gargaɗi, ana faɗa a rediyo, in yunwa ta matsa akwai waya, ɗan'uwa na birni zai turo wani abu kafin yamma. Duk da haka in ruwa ya yi jinkiri irin na bana, ina kallon fuskokin matan ƙauye da ke zuwa wurinmu, na san lissafin da ake yi a zuci bai sauya ba. Iya ta rasu da daɗewa, Baba ma ya bi ta, Allah ya jiƙansu. Malama Talatu ban san inda take ba. Ina yi mata addu'a tare da iyayena, ita da ko sunan ƙauyenmu ban tabbata ta riƙe ba. Ina gode wa Allah da aka tura ni ajin da na raina. Ina gode wa Inna da ta ajiye ƙwarya, da tsohuwar da ta ji maganar bakinta ba ta yi girman kai ba.

Jiya na je Mawashi gaida Inna, na ishe Uwani ta zo daga Sukuntuni inda take aure, da 'ya'yanta reras. Turmin yana nan a kife a gindin rumbu, ya yi sulɓi don zama. Ina kai zaune ƙaramar ɗiyar Uwani ta hau cinyata tana wasa da yatsuna, ta ga tabon, 'yan ɗigo-ɗigo a jere a gefen hannu.

Ta ce, "Umma, me ya cije ki a nan?"

Na ce, "Uwarki."

Yara suka fashe da dariya, suna kallon uwar tasu. Uwani ba ta yi dariya ba. Tana ba jaririnta nono, ta ɗago ta dube ni, ta dubi yaran ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Yaya, ban taɓa ba ki haƙuri ba fa."

Kafin in amsa, Inna da ke bakin murhu ta riga ni. Ba ta juyo ba, tana gyara wuta. Ta ce, "Ba haƙuri za ki ba ta ba. Ki ce wa Ramatu kin gode."

Shi ne karo na farko da na ji sunana a bakinta.